Wata Yarinya Ce a Gidanmu

Na yi damina uku ban ga dawa a tsaye ba. A Agadas in an ce an yi ruwa, sai ka fito ka tarar ƙasa ta ɗan canja launi, kafin ka gama hamdala ta bushe. Ni kuwa mutumin bayan Bagwai ne, inda gona ke manne da gona, in ka yi tuntuɓe a cikin geronka sai ka faɗi a kan gyaɗar maƙwabci. Ƙanƙantar gonar tamu ce ma ta fitar da ni. Abin da muke nomawa ba ya kai mu tsakiyar rani, ga ni da sabon aure.

Zinare na tafi nema, can gaba da Agadas, inda ake haƙa rami mai zurfin rijiya a zura mutum da igiya. Mai ramin namu mutum ne mai fara'a, ba ya rabuwa da carbi. Duk ranar da aka fito da ɗan abin kirki sai ya tara mu ya yi mana bayani cikin natsuwa: inji ya ci nasa, tankar ruwa ta ci nata, buhun shinkafa ya ci nasa. Mu da muka shiga ramin mu ne dai ba mu ci ba. Da ƙura ta kama mini ƙirji na ce zan sauka, sai ya nuna mini wani tsohon babur da ke jingine a bayan tanti, ya ce sallamata ke nan, har da yi mini addu'a mai tsawo. Na karɓa, don ko na ƙi ba wani abin zan samu ba. Da shi na koma cikin gari na kama acaɓa, wadda su can suke kira kabu-kabu.

Ban koma gida ba saboda ban san da wace fuska zan shiga gari ba. An raka ni da fatan zan dawo in sayi gona, in dawo da tari da babur mai hayaƙi? Kullum cewa nake bari in ƙara wata ɗaya. Ina kwana a shagon wani tela ɗan ƙasarmu, in ya rufe in shimfiɗa a ƙarƙashin keken ɗinki. Abin da na fi kewa ba wani babban abu ba ne. Tuwon dawa miyar kuka na ɗumame, da ƙarar daka da hantsi, da warin taki in an watsa shi a gona. Har taki sai da na yi kewarsa.

Na bar matata Shamsiyya da ciki. Ina can ƙasan rami ta haihu. Ƙanena Nura ne ya bugo ya ce an samu mace, Baba ya mayar mata da sunan marigayiya Innarmu, ana ce mata Ummi. Na ce Allah ya raya, na tambaye shi ko an samu ruwan shuka.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce ban damu ba ne. 'Yar fari ce. A wurinmu ɗan fari ba a nuna shi. Ba ka kama sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in babba ya tambaye ka shi sai ka duƙar da kai ka shiga wani zance. Mutanen birni sun daɗe da watsar da wannan, har saɓa nasu suke a kafaɗa su shiga kasuwa, amma mu muna nan riƙe da abinmu. Ni kaina ɗan fari ne, kuma har na yi gemu ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. To ga ta 'yar fari, ga ta da sunan mahaifiyata. Ta ina bakina zai kama?

Saboda haka in na buga waya, "ya mutanen gida" nake cewa. Nura kuwa shaƙiyyi ne, ya san abin da nake nufi sarai, sai ya fara da awaki. Ya ba ni labarin jar akuya, ya ba ni na jaki, ya koma kan rumbu, kati na ƙonewa ina cizon yatsa, sai can ya ce, "Au, mutuniyar taka kuma ta fara rarrafe." Haka na ji rarrafenta, haka na ji fitowar haƙoranta, haka na ji ta fara tafiya tana bin Baba har bakin masallaci, kullum a bayan labarin akuya. Ya taɓa cewa zai aro babbar waya ya turo mini hotonta ta wayar wani abokin aikina. Muna zaune a wajen mai shayi, 'yan ƙasarmu duk sun kasa kunne suna murmushi, na ce, "Bar shi, na mene ne?" Na yini ina jin haushin bakina. Sau ɗaya Shamsiyya ta kara mata wayar a baki. Na ji numfashi, na ji wata kalma da ban gane ba, sai na jiyo gyaran muryar Baba a tsakar gida, aka katse. Iyakar abin da na sani nata ke nan, ban taɓa ganin fuskarta ba.

Rannan da hantsi ina bakin kasuwa ina jiran fasinja, Nura ya bugo. Bai fara da akuya ba.

"Yaya, Baba ya ce in da hali ka taho."

"Lafiya?"

"Ummi ce. Zazzaɓi ne, jiya har ta yi jijjiga. An kai ta asibiti an dawo. Amma da sauƙi."

Na san Baba. Ko lokacin da ya karye a ƙafa cewa ya yi kada a faɗa mini. In har ya buɗe baki ya ce yaron nan ya taho, to sauƙin nan na fatar baki ne. Abu ɗaya na sa a raina, in isa in same ta da rai. Ko ban ɗauke ta ba, ko daga bakin ƙofa ne, in dai ga fuskarta tana kallona.

Babur ba ya ratsa dajin da ke tsakanin Agadas da Damagaram shi kaɗai, sai mai neman ajalinsa. Na cika tanki fal, na tafi tashar manyan motoci na samu wata mai ɗauke da kanwa. Direban ya yarda a ɗora babur a sama, amma ya ce sai an zuƙe man, wai kada wuta ta tashi. Maganar ta yi kama da hankali. Kwandastansa ya kawo tiyo da jarka ya tsotse tankin tas, ya ɗaure bakin jarkar da leda, ya ce, "Amana ce, in mun sauka ka karɓi abinka." Har godiya na yi masa.

Kafin Tanut motar ta lalace. Muka sauka muka zauna a inuwarta, inuwar na matsawa muna binta. Babu gari, babu sabis, babu abin gani sai ƙaya. Na yi ta hawa kan buhunan kanwa ina ɗaga waya sama, har fasinjoji suka fara yi mini dariya. A cikinsu akwai wani tsohon Buzu, siriri, bai cika magana ba. Ya hura gawayi ya dafa shayinsu mai ɗaci, ya miƙo mini a ɗan kofi. Hausarsa a karye take.

"Kai ba ka zauna. Gida lafiya?"

Na ce 'yata ce ba lafiya. Haka kawai ya fito, ban ji nauyin komai ba. Bai san ubana ba, bai san garinmu ba, gobe ba zai tuna da ni ba. Na zazzage masa duka, rarrafen, haƙoran, hoton da na ce a bari. Ranar na fara cewa "'yata" da bakina, a gaban baƙo, a tsakiyar daji. Ya saurara har na gama. Ya dubi laɓɓana da suka tsattsage, ya buɗe jakarsa ya ciro wani baƙin rawani ya naɗa mini da hannunsa, ya rufe mini hanci da baki irin nasu. Ya ce, "Iska na hanya mugu. Ka kai mata fuska mai kyau." A Tanut ya sauka, ko sunansa ban tambaya ba.

Da muka shiga Damagaram aka sauke babur, na ce a ba ni jarkata. Kwandasta ya ce wace jarka? Direba ya ce shi tuƙi yake, bai san zancen jarka ba. Na ɗaga murya, mutanen tasha suka taru, da suka ji harshena na Kano sai kowa ya tuna yana da aiki. Wani ya ce in kai ƙara wurin jandarma, jami'an tsaronsu na can. Na dubi babur ɗin da ba shi da ko takarda ɗaya, na tuna yinin da zan ɓata a benci, na haɗiye.

Masu sayar da mai a kwalabe a bakin titi, waɗanda muke ce wa 'yan bumburutu, can 'yan ruwa-ruwa ake kiransu, kuma wallahi wanda na faɗa hannunsa ya cika sunansa. Man ya yi kyau a ido. Ban yi nisa da gari ba babur ya fara tari irin nawa, yana fitar da farin hayaƙi, in na murɗa sai ya shaƙe. Da ƙyar ya kai ni Matamaye. Bakanike ya kwance kafireta ya shinshina, ya tuntsire da dariya.

"Malam, wannan rabi kalanzir ne, rabin kuma Allah kaɗai ya san ko mene ne."

Ya tsiyaye shi a ƙasa ina kallo. Na biya shi, na sayi sabon mai da abin da ya samu, ko rabin tanki bai kai ba.

A nan na yi waya ta ƙarshe. Nura ya ce da safe ta buɗe ido, har ta ɗan sha koko. Na ce to. Na so in ce a kara mata wayar, amma ina jiyo muryoyin mata a kusa da shi, har da ta surukata. Na ce, "A gaishe da mutanen gida."

Ba zan wuce iyaka ta titi da babur marar takarda ba, sai na bi bayan masu fasa-ƙwauri ta cikin gonaki. Kowace 'yar mararraba akwai igiya a tsallake da mutum zaune a kan benci, ba ya ce maka komai, kai ma ka san abin yi. Kafin in ɓulla wajen Daura aljihuna ya zama na ado. Layin Nijar ya ɗauke, ba a jima ba wayar ma ta mutu gaba ɗaya, lambar Nura na cikinta. Gidajen man da ke kusa da iyaka duk a rufe suke, awaki na kwance a gindin famfo. A Kazaure na sayar da bargon da na yi shekarun nan ina rufa da shi, ya saya mini kwalba ɗaya. Wata mai awara da ta ga cinikin ta kira ni, ta zuba mini a takarda har da yaji, na ce ba ni da ko sisi, ta ce, "Wa ya tambaye ka?" A tsaye na ci.

Sai kuma ga ƙasarmu. Dawa ta fi mutum tsayi, gero ya fitar da kai, wake na bin ƙasa a tsakani, ko'ina kore shar, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ratsa rawani yana shiga hancina. Kafin gida ɗaya ya ɓace maka sai ka hango rufin wani. Hawaye suka zubo mini, ban san na murna ba ne ko na tsoro. Na bar kwalta na yanki hanyar ƙauyuka wadda za ta fitar da ni bayan Bagwai ba sai na zaga ta Bichi ba, don in rage wa tanki hanya.

Duk dabarar ɗan kabu-kabu na yi ta. In na samu gangare sai in kashe inji in bar shi ya gangara da kansa. Ban murɗa da ƙarfi ba ko sau ɗaya. Da ya fara shaƙewa na sunkuya na juya makunnin mai zuwa rizab, ɗan abin nan da tanki ke ɓoyewa a ƙasa. Na yi ta yi masa magana ina lallashi kamar jaki. Da rizab ya ƙare na kwantar da babur a gefe don ɗigon da ya maƙale a ɗaya ɓangaren tankin ya gangaro, ya tashi ya ɗan ƙara gaba. Na buɗe murfi na kafa baki na hura, ya ƙara tsawon gona ɗaya. Daga nan ya yi shiru a tsakiyar wani burtali, bayan azahar. Na buga kik har ƙafata ta mutu. Na girgiza tankin na kara kunne, ko motsi babu.

Na san inda nake. Da babur, kafin shayi ya tafasa na isa gida. Da ƙafa kuwa, ga yashi ga rafi, sai wajen magariba. Na kama turawa. Wanda bai taɓa tura babur a jiƙaƙƙen yashi da ƙirji mai ciwo ba, kada Allah ya nuna masa. Ba wanda ya wuce sai wani mai amalanken shanu, shi ma inda na fito ya nufa. Ina cikin haka na jiyo ƙarar inji daga bayan dawa. Injin niƙa ne, irin ƙananan nan masu shan fetur, ban taɓa jin ƙara mai daɗinta ba.

'Yar unguwa ce mai gidaje kaɗan. Ga rumfar kwano a gindin ɗorawa, tsofaffi da 'yan mata sun yi layi da kwanuka da bokitai, kowa na son garin tuwon dare. Mai injin dattijo ne, gari ya rufe shi fari fat har gira. Na jingine babur, na sauke rawani daga bakina, na durƙusa na gaishe shi. Sai da na maimaita da ƙarfi kafin ya ji.

"Daga ina?"

"Daga Agadas, Baba. Hamisu ne, ɗan gidan Malam Ɗanjuma na Tudun Kaba."

Ya rage wa injin wuta ya ƙura mini ido.

"Ɗanjuma? Ɗanjuma mai kan ƙwarya? Kai ne na farinsa? Ikon Allah! Ni ne Tanko. Tare muka yi cin rani da ubanka a Kurmi, tabarma ɗaya muke kwana, shi ya yi minshari ni in yi gadi. Ranar sunanka ni na feɗe ragon. Zauna, zauna!"

Da baƙo na tarar da na ji daɗi. Wannan kuwa uba ne, gabansa da gaban Baba duk ɗaya.

Na ce mai ne ya ƙare mini, ko zai taimaka mini da ɗan kaɗan. Ya ce ai ko jininsa ne zai ba ɗan Ɗanjuma, sai dai wanda ya aika Bichi sayen mai tun safe bai dawo ba, abin da ke cikin tankin injin shi ke nan.

"Sauri kake ne?"

"E, Baba. Babu lafiya ne a gida."

"Subhanallahi! Ɗanjuman?"

"A'a."

"To wa?"

Matan nan duk suka juyo. Kalmar da ta fito mini salin alin a gaban Buzu ta ƙi fitowa. Na duƙar da kai ina kallon ƙasa.

"Wata yarinya ce a gidanmu."

"Wa?" Ya kara hannu a kunne.

"Wata yarinya!"

"Au, yara. Ai damina ce, kowane gida akwai mai zazzaɓi, jikokina ma suna can kwance. Za ta tashi da yardar Allah. Ka ga bayin Allah nan tun azahar suke jira, in na kashe injin nan yau gidaje da yawa ba tuwo. Bari in sallame su, abin da ya rage naka ne. Yanzu-yanzun nan."

Ya sa aka kawo mini fura, ya ƙara wa injin wuta.

A al'ada, irin wannan amsa da duƙar da kai sun isa. Duk dattijon da ya ga haka ya san 'yar mai maganar ce, ba sai an ƙara masa bayani ba. Ai don a gane ake yin kunyar. Amma Malam Tanko idonsa na kan hatsi, kunnensa inji ya cinye, kuma rabonsa da labarina tun ina yaro, bai ma san na yi aure ba. Matan kuwa, in ma akwai wadda ta gane, kwanonta na kan layi.

Na zauna a kan wani kututture, na mayar da rawani saboda ƙurar gari. Tankin injin ɗan ƙarami ne, da siririn farin tiyo wanda ake ganin man na bi ta ciki, idona bai bar tiyon nan ba. Ina kallo man da zai kai ni gida yana zama hayaƙi. Ya juye kwano, ya karɓi wani. Wata ta ce nata bai yi laushi ba a maimaita, ya maimaita. Layin ya kusa ƙarewa sai ga wasu sun ɓullo daga cikin dawa da nasu a kai. Furar na hannuna, ban sha ba.

Na miƙe na je kusa da shi. Ya ɗago ya yi mini murmushi, ya yi alama da hannu wai saura kaɗan. Na buɗe baki. Abin da zan faɗa ɗan guntu ne, amma sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, a gaban aminin ubana da matan unguwa. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Na koma na zauna. Na yi tunanin in bar babur ɗin in zuba da gudu, sai in dubi layin in ga ya ragu, in ce jira ya fi sauri. Haka na yi ta auna jira da tafiya har inuwar ɗorawa ta tsallake burtali. Ina ta faɗa wa kaina ai ta sha koko da safe.

Ana shirin kiran la'asar wani mai keke ya tsaya shan ruwa. Na gane shi, Sale ne maƙwabcinmu, mai yawon sayar da gishiri ƙauye-ƙauye. Shi bai gane ni ba, na rame, ga rawani ya rufe mini fuska. Kafin in yi motsi ya matsa kusa da kunnen dattijon ya ɗaga murya don ya rinjayi inji.

"Malam Tanko, an yi wa amininka rasuwa fa!"

"Wa?"

"Malam Ɗanjuma! Jikarsa, 'yar wajen Hamisu na Agadas! Ɗazun nan, ina ɗaure kaya zan fito na ji kukan mata. Yarinya mai wayo wallahi. Uban ma an ce yana hanya, ko ganinta bai taɓa yi ba."

Malam Tanko ya saki kwanon da ke hannunsa. Ya juyo ya dube ni. Ya kai hannu ya kashe injin da hatsin wata a ciki. Wurin ya yi tsit, sai wata tsohuwa da ke salati a hankali.

"Hamisu. 'Yarka ce?"

Na kasa ko ɗaga kai.

"Don me ba ka..." Bai ƙarasa ba. Ya dafe kansa da hannu biyu, gari na zuba daga hularsa. "Ina za ka faɗa. A gabana ina za ka faɗa. Ni ne ban duba ba. Na ga ka sunkuyar da kai, wallahi na gani, hankalina na kan niƙa."

Sale ya saki keke ya faɗi, yana ta innalillahi, yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi. Dattijon ya fizge tiyon daga jikin injin, ya tara wata kwalba. Man ya zubo har ya kusa rabi. Na tsaya ina kallon kwalbar. Da tun isowata aka ba ni ko rabin wannan, da na same ta tana numfashi. Matar da hatsinta ke cikin inji ita ce ma ta riƙe mini mazurari muka juye a tanki.

Bugu ɗaya babur ya tashi. Ban taɓa tsanar wani abu ba kamar yadda na tsani lafiyar da ya yi a hanyar nan. Ya ratsa yashi, ya tsallake rafi, bai yi tari ba ko sau ɗaya. Ban yi kuka ba, ban yi addu'a ba, kaina babu komai. Gonaki na wucewa ina gane su, ta wane, ta wane, har na zo tamu na ga an sa wake a inda nake sa gyaɗa.

Tun daga nesa na hango maza a ƙofar gida. Ƙaramin yaro ba a jinkirta shi, an riga an yi mata wanka an suturta ta. Na kashe babur na bar shi ya faɗi a jikin darni. Nura ya taso ya kama hannuna, idonsa jawur. Daga cikin gida ina jiyo muryar Shamsiyya, ba kuka take ba, wata magana take ta maimaitawa wadda ban ji sosai ba.

Aka yi sahu aka yi salla, ina tsaye a ciki da ƙurar hanya a jikina. Da aka sallame Baba ya duƙa ya ɗauke ta daga kan tabarma. Ya tsufa ƙwarai a bayana. Irinsu ba a sa su a makara, a hannu ake kai su, kuma a garinmu kaka ne ko baffa ke ɗauka, uba a baya yake tafiya, balle uban 'yar fari. Na ja da baya in ba su hanya. Baba ya fara tafiya sai ya tsaya. Ya juyo yana dube-dube a cikin mutane har ya same ni.

"Kai. Zo."

Na matso. Ya miƙo mini ita a gaban kowa, dattawan gari na kallo. An ɗaure likkafanin sama da ƙasa, ba abin da ake gani. Na tara hannu biyu na karɓa, ashe ta yi tsawo haka. Ban taɓa ɗaukar yaro ba, na riƙe ta a karkace, wuyan ya langaɓe ta gefen gwiwar hannuna. Baba ya sa hannu ya gyara mini a hankali, ya ce da murya ƙasa-ƙasa:

"Tallafi kan. Ba haka ake ɗaukar yarinya ba."